Oga Ya Ce Mai Sa Hannu, Abokin Aiki Ya Ce Duk Ɗaya Ne

Assalamu alaikum Malam. Ni 'yar bautar ƙasa ce, daga Kubwa nake zuwa aiki wani ƙaramin kamfanin rubuta manhaja a Wuse. Muna kula da tsohuwar manhajar wata ƙungiyar gama-kai ta ma'aikata, wadda ke kan .NET Framework 4.8, tsohon dandalin Microsoft na gina manhaja, muna kuma gina musu sabon shafi a kan sabon dandalin, .NET 8. An ba ni aikin fitar da rahoton bashin mambobi a Excel. Da na shiga NuGet, ma'ajiyar da muke ɗauko laburare, wato ƙunshin kod da wasu suka riga suka rubuta, sai na tarar laburaren da nake so kashi biyu ne: ɗaya da sunansa kawai, ɗaya an liƙa masa Signed a ƙarshe, wato mai sa hannu. Na ɗauki na farkon don shi ya fi sabunta. Oga ya gani, ya yi mini faɗa a gaban kowa, ya ce maras sa hannu ƙofar shigowar ƙwayar cuta ce, kuma yarjejeniyarmu da ƙungiyar ta ce duk abin da za mu miƙa sai da sa hannu. Wani abokin aikina kuma ya ja ni gefe, ya ce sa hannun nan shirme ne, Oga ne bai waye ba. Don in raba gardama sai na saka mai sa hannun ban cire ɗayan ba, yanzu manhajar ta ƙi haɗuwa sam, wato kod ɗin ya ƙi zama manhaja mai gudana. Ran Juma'a za mu miƙa aiki, kuma ina sa ran su riƙe ni bayan na gama hidima. Wanne zan ɗauka, kuma yaya zan yi da Oga?

Wa alaikumus salam, ƙanwata.

Mu fara da abin da ya hana ki barci, wato manhajar da ta ƙi haɗuwa, don shi ya fi sauƙi a cikin duk abin da kika kawo. Duba jan rubutun da Visual Studio, manhajar da kike rubuta kod a ciki, ke jero miki, ina kyautata zaton za ki ga lamba CS0433. Abin da take gaya miki shi ne ta tarar da suna ɗaya a fayil biyu, ba ta san wanda kike nufi ba. Laburaren nan biyu kod ɗinsu ɗaya ne, sunayen da ke cikinsu ɗaya ne, amma a wurin .NET baƙin juna ne, ba su zama a manhaja ɗaya. Dole ɗaya ya fita. Ki kuma duba ko wani laburaren ne ke janyo ɗayan ta bayan fage: a sabon shafin ki buga dotnet list package --include-transitive, a tsohuwar manhajar kuma, in da packages.config take aiki, buɗe fayil ɗin kawai, komai na jere a ciki.

Kada abin ya dame ki da yawa, manya ma sun sha wannan. Shekaru masu amfani da wani sanannen laburare mai suna StackExchange.Redis suka yi suna fama, saboda akwai shi akwai kuma StackExchange.Redis.StrongName, kuma wasu ƙunsoshin Microsoft da kansu na biyun suke janyowa, sai mutum ya wayi gari da duka biyun a aikinsa bai san ta inda suka shigo ba. Sai a 2018, da siga ta 2.0 ta fito, aka haɗe su ya zama ɗaya tak mai sa hannu. Wani laburaren mai suna Polly ma a shekarar ya yi haka da sigarsa ta 6. Yanzu shawarar da Microsoft ke ba masu rubuta laburare ita ce kada su fitar da kashi biyu. Ki riƙe wannan tarihin, zai yi mana amfani anjima.

To wanne zai fita? Oga da abokin aikinki kowa ya kama gefe ɗaya na gaskiya. Ina ganin Oga zai iya yin daidai a zaɓin, amma dalilin da ya ba ki ba shi ba ne. Abokin aikinki kuma dalilinsa na da ƙamshin gaskiya, amma in kika bi shi ido rufe zai kai ki ya baro.

Sa hannun da ke kan ƙunshin da aka liƙa wa Signed ko StrongName a NuGet, kusan kullum abin da ake kira suna mai ƙarfi ne. Ga yadda ake yin sa. Marubucin laburare yana ƙirƙirar makullai biyu masu tafiya tare, na sirri da na fili, a cikin wani ɗan fayil mai ƙarewa da .snk. Da su ake buga wa fayil ɗin DLL, wato fayil ɗin da laburaren ke ciki, alama, sai shaidarsa ta zama abu huɗu a haɗe: sunansa, lambar sigarsa, harshensa, da wata gajeriyar lamba mai haruffa 16 da aka tatso daga makullin fili. Ta laburaren Newtonsoft.Json, wanda da wuya a ce babu shi a tsohuwar manhajarku, ita ce 30ad4fe6b2a6aeed. Buɗe web.config ko app.config ɗinku, mai yiwuwa ki gan ta zaune a can. An zo da wannan tsari ne tun .NET Framework na farko a 2002, don magance rikicin fayiloli masu suna ɗaya da ke danne juna a Windows, da kuma ba su damar zama a babbar ma'ajiyar kwamfuta da ake kira GAC, inda manhajoji da yawa ke ɗiba daga wuri guda.

Lura da abin da babu a ciki. Babu wanda ya tambayi marubucin katin ɗan ƙasa, babu hukumar da ta tantance shi. Ke ma yanzu in kika buga sn -k da sunan fayil, kafin ki ƙifta ido kin sami naki makullin. Masu laburaren da kod ɗinsu ke a buɗe ma da yawa suna ajiye makullin sirrin a GitHub, shafin da ake ajiye kod, kowa na gani, kuma Microsoft ba ta hana ba, ita ce ma ta ce a duba yiwuwar yin hakan don wanda ya gyara kod ya iya haɗa nasa. Tun .NET Framework 3.5 SP1 a 2008, ba a ma tsayawa tantance alamar a yawancin manhajojin da aka amince musu su gudana a kwamfuta. Takardun Microsoft sun faɗa ƙarara cewa kada a dogara da suna mai ƙarfi don tsaro, shaida kawai yake bayarwa. In kin taɓa leƙa karar Dei-Dei nan kusa da ku, kin ga fentin da ake shafa wa shanu a gadon baya. Yana raba na wane da na wane, amma ba ya gaya miki saniyar lafiyayya ce, kuma duk mai gwangwanin fenti zai iya shafawa. Saboda haka maganar ƙwayar cuta ba a nan gizo ke saƙar ba.

Amma .NET Framework na da wata doka da ba ta lanƙwasuwa: fayil mai suna mai ƙarfi ba ya ɗaukar maras shi. In tsohuwar manhajarku da kanta an sa mata hannu, duk laburaren da za ta kira sai ya zama mai sa hannu. Buɗe fayil ɗin .csproj da Notepad ki nemi SignAssembly. In kin ga true a gabansa, ko kin ga an ambaci wani fayil .snk, to an rufe zance, maras sa hannu ba zai yi a nan ba.

Abin da ke sa wannan ya zama tarko shi ne ba ya nuna kansa da wuri. Visual Studio na zamani ba zai hana ki haɗa manhajar ba, gargaɗi kawai zai ba ki mai lamba CS8002, launin rawaya, a tsakiyar wasu gargaɗin da kowa a ofis ya saba tsallakewa. Manhajar ta buɗe, a shiga, a ga sunayen mambobi, komai lafiya, don ba a ɗauko laburare sai an zo wurin da ake buƙatarsa. Sai ƙarshen wata, ma'ajin ƙungiya ya zauna, 'yan kwamiti na jiran takardar waɗanda za a cire wa kuɗi daga albashi, ya danna maɓallin rahoto, allo ya cika da FileLoadException da lamba 0x80131044. A lokacin ba wanda zai tuna da NuGet, sunan wadda ta rubuta rahoton za a tambaya. Ina zargin Oga ya taɓa shan irin wannan a wani aikin, abin ya zauna masa a rai cewa maras sa hannu masifa ne, dalilin kuma ya ɓace masa da tsawon shekaru. Haka ilimin ofis yake yawanci, hukuncin ya rage, hujjar ta tafi.

Mai sa hannun ma ba kyauta yake zuwa ba. A .NET Framework yana da taurin kai a kan lambar siga: in wani ɓangare na neman siga ta 4 kuma ta 5 ce a kwamfutar, sai ya ƙi, ya jefo 0x80131040, har sai an rubuta masa bindingRedirect, wato layin da ke karkatar da shi zuwa sigar da ke nan, a fayil ɗin config. NuGet kan rubuta wannan da kansa, amma bayan saka-da-cirewar da kika yi, ki buɗe ki tabbatar bai bar layin da ke nuni ga abin da kika cire ba.

A sabon shafin kuwa, abokin aikinki ya yi gaskiya. Daga .NET Core, wanda ya fito a 2016, har .NET 5 da duk na bayansa, ciki har da 8 ɗin da kuke kai, injin ba ya tantance suna mai ƙarfi, ba ya kuma hana mai shi kiran maras shi. Can duk wanda kika ɗauka zai yi aiki. Sai dai ki lura: mai sa hannu na aiki a gidajen biyu, maras sa hannu kuwa a gida ɗaya kawai yake da tabbas. In akwai kod ɗin da tsohuwa da sabo ke rabawa, kuma rahoton bashi irin abin da ake rabawa ne, to ɗaya za ki zaɓa ya ratsa ko'ina, kuma mai sa hannun ne ya fi dacewa.

Saura abin da ya sa kika ɗauki na farkon tun asali, cewa ya fi sabunta. Wannan tunani ne mai kyau, kada faɗan da aka yi miki ya sa ki jefar da shi. A nan tarihin Redis da Polly zai yi aiki. Sau da yawa dalilin da ya sa ƙunshin Signed ke tsayawa a tsohuwar siga shi ne masu shi sun riga sun sa wa babban ƙunshin hannu, sun bar wancan ya mutu a tsaye. Gwajin ba ya cin minti biyu. Buɗe Developer Command Prompt na Visual Studio, nemo fayil ɗin DLL na wanda kika fara ɗauka, ki buga sn -T da sunansa, T ɗin babba. In ya fito miki da lamba mai haruffa 16, to wanda Oga ya kira maras sa hannu yana da sa hannunsa, zaɓinki na farko ne daidai, sai ki cire mai Signed ɗin. In ya ce fayil ɗin ba mai suna mai ƙarfi ba ne, sai ki koma shafin mai Signed a nuget.org ki duba abu uku: ranar fitowarsa ta ƙarshe, ko an rubuta an daina kula da shi, da ko akwai gargaɗin wata ɓaraka ta tsaro a kansa. In tazarar kaɗan ce kuma babu gargaɗi, ɗauke shi ki wuce, Juma'a ta kusa.

In kuwa ya tsufa sosai kuma da gargaɗi a kansa, hanyoyin da suka rage ba naki ba ne ke kaɗai. Ana iya ɗauko kod ɗin sabuwar sigar a haɗa shi da makullin kamfaninku, in lasisinsa mai yarda da hakan ne, irin MIT ko Apache 2.0, amma daga ranar ku ne za ku riƙa bibiyar duk gyaran da ya fito. Ana iya cire wa tsohuwar manhajar nata sa hannun, in ba ta shiga GAC kuma babu wata manhaja mai sa hannu da ke kiran ta. Ana iya canza laburaren gaba ɗaya. Duk ukun hukuncin Oga ne, naki shi ne ki kai masa su a fayyace.

Yanzu yarjejeniya, kuma a ganina nan ne haɗarin gaske yake, ba wanda ya kula da shi a ofishinku. Wanda ya rubuta cewa duk abin da za a miƙa sai da sa hannu, da wuya suna mai ƙarfi yake nufi. Galibi abin da ake nufi shi ne Authenticode, wato sa hannun da ke nuna wane kamfani ya fitar da fayil, kuma ba a taɓa shi ba tun da ya bar hannunsu. Shi ne wanda in babu shi Windows ke nuna cewa ba a san mai manhajar ba lokacin girkawa. Danna dama a kan fayil, shiga Properties, in akwai shi za ki ga shafin Digital Signatures da sunan kamfanin. Wannan ba a ƙirƙirar sa a ɗaki. Takardar shaida ake saya daga kamfanoni irin DigiCert ko Sectigo, da kuɗin waje, bayan sun tantance cewa kamfaninku na da rajista kuma yana nan da gaske. Tun 1 ga Yunin 2023 kuma dole makullin ya zauna a cikin na'urar tsaro ta musamman, ko 'yar ƙarama mai kama da filashi da ake aiko wa mutum, ko wadda ke ajiye a wurin mai ba da hidimar. In kamfaninku bai da ita, ba abin da za a fara ran Laraba a gama ran Juma'a ba ne. Kuma ko duk laburaren duniya kika zuba masu Signed, bai biya wannan sharaɗin ba, don a kan fayilolinku ake son ganin sa. A tambayi ƙungiyar a rubuce, yau, wanne suke nufi.

Ko shi Authenticode ɗin, iyakarsa ya ce daga wurin wane abu ya fito. A Disambar 2020 aka gano cewa an cusa mugun kod a cikin manhajar Orion ta kamfanin SolarWinds na Amurka, kuma fayil ɗin da ke ɗauke da shi DLL ne na .NET mai ingantaccen sa hannun kamfanin, don a wurin haɗa manhajar aka shigar da shi kafin a sa hannu. Kamfanin ya ce kwastomomi kusan 18,000 ne suka sauke sigar, ciki har da ma'aikatun gwamnatin Amurka. Kowace kwamfuta ta duba sa hannu ta ga daidai ne ta buɗe ƙofa.

Tsoron Oga dai na da tushe, kuna riƙe da sunayen mutane da albashinsu da bashinsu, kuma Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora nauyi a kan mai sarrafa irin waɗannan bayanai, ba mai su kaɗai ba. Abin da ke kare ku shi ne sanin inda kaya suka fito. Daga nuget.org kai tsaye za ki ɗauko, wanda ke sa nasa hannun a kan kowane ƙunshi don a gane in an taɓa shi a hanya, ba DLL ɗin da wani ya turo a WhatsApp ko ya kawo a filashi don data ta ƙare ba. Ki karanta sunan ƙunshi harafi-harafi, ki duba mai shi, ki bi mahaɗin da ke kai wa ga kod ɗinsa. A Maris 2023 masu bincike na kamfanin JFrog sun gano miyagun ƙunsoshi a NuGet da aka raɗa wa sunaye masu kama da na gaske don a yaudari masu gaggawa. Har ma zan ce ƙunshin da aka liƙa wa Signed ya fi buƙatar wannan dubawar, don wani lokaci ba marubucin asali ne ya ɗora shi ba, wani ne can ya sa masa hannu don biyan buƙatarsa ya saki. A sabon shafin kuma ki saba da buga dotnet list package --vulnerable kafin kowace miƙa aiki.

Sai Oga. Faɗa a gaban mutane bai kyauta ba, amma kada ki nemi ramawa ta hanyar nuna masa kuskure a gaban mutanen. Ki same shi shi kaɗai, bayan Azahar ko da safe kafin ofis ya cika, da kwamfutarki a buɗe kuma manhajar ta riga ta haɗu. Kada ki fara da cewa suna mai ƙarfi ba tsaro ba ne. Ki ce, Yallaɓai, na bi maganar da ka yi, na duba, ga abin da sn -T ya nuna a kan kowanne, ga ranakun fitowarsu, ga wanda na bari da dalili. Sannan ki kawo ta yarjejeniya a matsayin tambaya: Yallaɓai, sa hannun da suka rubuta, na laburare ne ko na fayil ɗin girkawarmu, don in na biyun ne ban sani ba ko muna da takardar shaidar. Injiniyan da ya daɗe a aiki zai gane nauyin tambayar nan take, kuma zai gane wa ta kawo ta kafin ƙungiyar ta kawo. Wannan zai fi yi miki amfani wurin maganar riƙe ki aiki fiye da cin gardama.

Abokin aikin nan naki kuma, ki ɗauki iliminsa ki bar masa kalmar rashin wayewa. Wanda ya ja ki gefe ya faɗi haka a kan Oga bai faɗa a gabansa ba, kuma in kika maimaita, a bakinki za a ji ta.

In Oga ya dage sai mai Signed har a sabon shafin, alhali kin nuna masa ba dole ba ne, yi masa yadda yake so, babu abin da zai lalace. Wuri ɗaya ne ban yarda ki yi shiru ba: in sigar da ya dage a kai tana da sanannen gargaɗin tsaro. Nan ki tura masa imel gajere mai ladabi, da sunan ƙunshin, da lambar sigar, da hoton gargaɗin, ki ce kina jiran umarninsa kafin ki ci gaba.